Iya Bin Jagora: Nasiha Daga Kwarin Khumbu



Samari da 'yan mata, an sha yi muku huɗuba a kan shugabanci. A makaranta an ce ku ne manyan gobe, a tarurrukan matasa ana ta koya muku yadda za ku riƙe ragama. Ban ƙi wannan ba. Amma akwai wani fanni da aka bar ku ku koya da ka, ko ku koya bayan kun sha wuya, shi ne yadda ake bin wanda ya san hanya. Bi ma ilimi ne, yana da sharuɗɗansa da ladubbansa. A yawancin al'amuran duniya, wanda bai iya bi ba yakan daɗe kafin ya girbi abin da taurin kansa ya shuka. Akwai kuwa wuraren da sakamakon ba ya wuce kwana biyu. Ɗaya daga cikinsu shi ne kwarin Khumbu na ƙasar Nepal, inda dubban mutane suke takawa da ƙafa kowace shekara, a bayan jagora, zuwa gindin Everest, tsaunin da ya fi kowane tsawo a duniya. Zan bi da ku ta wannan hanya zango-zango, domin abin da ake nema daga mai bi ya fi fitowa fili a can.

Yadda hanyar take

Tafiyar takan fara ne da ƙaramin jirgi wanda ba ya ɗaukar mutum ashirin, daga Katmandu ko daga Ramechhap zuwa wani gari mai suna Lukla. A jikin dutse aka fitar da filin jirgin Lukla a 1964. Titinsa bai kai mita 530 ba, a karkace yake, ƙarshensa ɗaya rami ne mai zurfi, ɗayan kuma bangon dutse. In gajimare ya rufe, babu jirgin da zai tashi, sai jira, wani lokaci har kwanaki. Da saukarka kana kan tudu mai kimanin mita 2,850 daga doron teku. Don lissafin ya shiga: Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos tana wajen 1,200, Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda babu tsaunin da ya fi shi a Nijeriya, mita 2,419 ne, ƙololuwar duwatsun Bagzan ta ƙasar Azbin kuwa, wadda ta fi ko'ina a Nijar, mita 2,022. Wato inda za ka ɗaura igiyar takalminka ka fara tafiya ya riga ya fi duk wani wuri da ke ƙasashen nan biyu.

Daga Lukla zuwa sama babu hanyar mota. Ana bin gaɓar kogin Dudh Koshi, ruwa mai sanyi da ƙarfi wanda yake gangarowa daga narkakkiyar ƙanƙara, ana ƙetare shi sau da dama a kan gadojin igiyar ƙarfe masu lilo. Daren farko a Phakding. Kashegari a shiga gandun Sagarmatha, wanda aka keɓe a 1976, sannan a yi hawa mai fitar da gumi zuwa Namche, mita 3,440, garin fatauci da aka gina a lungun dutse, mai kasuwar da ke ci ranar Asabar. Daga nan sai Tengboche, mita 3,867, inda babban ɗakin ibadar mabiya addinin Buda yake tun 1916. Sai Dingboche, mita 4,410, inda itatuwa sun ƙare, ba ka ganin komai sai gonakin dankali da sha'ir kewaye da katangar duwatsu. Sai Lobuche, sai Gorak Shep, masauki na ƙarshe, sannan sansanin masu hawan Everest a mita 5,364. Zuwa da dawowa kimanin kilomita 130 ne, kuma an fi yin sa a kwana goma sha biyu: takwas ko tara a hawa, sauran a saukowa.

Ku duba lissafin nan da kyau. Kilomita 65 ne kawai zuwa. A fili, saurayi mai jini a jika zai cinye wannan tafiya a kwana biyu. To me ya sa ake jan ta har kwana takwas? Amsar ita ce darasi na farko.

Ƙarfi ba ya saye maka iska

Kason oksijin da ke cikin iska ba ya canzawa: kashi 21 cikin 100 ne a Legas, haka yake a Khumbu. Abin da ke raguwa in ana hawa shi ne nauyin iskar kanta, sai ta yi sako-sako, kowane numfashi ya shigar da kaɗan. A Namche kana samun kusan kashi biyu cikin uku na abin da kake samu a bakin teku, a sansanin Everest kuwa kusan rabi. Jiki yana da dabarar sabawa: numfashi ya ƙara zurfi da sauri, zuciya ta ƙara bugu, ƙoda ta yawaita fitar da fitsari don gyara jini, daga baya a ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Amma wannan aiki na kwanaki ne, kuma ba a yi masa hanzari. Babu motsa jiki, babu kuɗi, babu ƙarfin hali da zai gajarta shi.

Saboda haka likitocin tsauni suka tsayar da ƙa'ida. In an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma bayan kowane kwana uku ko huɗu a ƙara dare ɗaya a wuri guda. Shi ya sa ake kwana biyu a Namche, a kwana biyu a Dingboche. Ranar hutun ma ba ta kwanciya ba ce. Jagora zai tashe ku da safe, ku hau wani tudu na 'yan ɗaruruwan mitoci, ku sauko ku kwana a inda kuka kwana jiya, don jiki ya ɗanɗani sama ba tare da ya kwana a can ba.

A nan ne matashi yake shiga haɗari fiye da dattijo. Ciwon tsauni ba ya duba ƙwanji. Ɗan ƙwallo yana kamuwa, tsohuwa mai sanda ta wuce lafiya. Dalili kuwa, tsohuwa ta san iyakarta, ba ta wuce takun da aka ba ta, shi kuwa ƙafarsa tana iya kai shi inda huhunsa bai shirya ba. Zai ga jagora yana tafiya kamar ba ya so, yana ta maimaita “bistari, bistari”, wato sannu-sannu, sai ransa ya ɓaci, ya wuce gaba don ya riga kowa isa masauki. Da maraice shi ne zai riƙe kai.

Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja, da waɗanda suka bi ayarin gishiri zuwa Bilma, sun san wannan tsari sarai. Madugu ne ke cewa a tashi, shi ke cewa a yada zango, ba don ya fi kowa ƙarfi ba, sai don ya san inda rijiya take da inda babu. Wanda ya zarce ayari don yana jin ƙarfi, shi ake samu a gaba ƙishirwa ta kayar. Jagoran Khumbu madugu ne. Ya san cewa gajimare yakan taso da rana, shi ya sa yake tashin ku da sassafe. Ya san inda duwatsu ke gangarowa, ya san masaukin da ruwansa yake da tsabta. In ayarin yak, wato shanun tsauni masu dogon gashi, ya taho da kaya, zai ce ka koma jikin dutse, kada ka tsaya ta gefen rami, domin kaya ɗaya in ya goge ka, an gama. Baƙo ko da idonsa makaho ne. Sharaɗin farko na mai bi shi ne ya karɓi takun da aka ba shi ko da yana jin zai iya fiye da haka.

Ka faɗa masa gaskiyar jikinka

Kowane dare a ɗakin cin abinci, inda kowa ya kewaye murhun da ake hurawa da kandilon yak, jagora zai bi ku ɗaya bayan ɗaya. Yaya kanka? Ka ci abinci? Ka yi barci jiya? Wasu sukan maƙala wata 'yar na'ura a yatsa don auna oksijin da ke cikin jini. Amsar da muka saba bayarwa a gida ita ce “lafiya lau”, ko da mutum yana kwance. Wannan ladabi ne a wurin gaisuwa, amma tambayar jagora ba gaisuwa ba ce. Da amsarka zai yanke shawarar ko gobe za a hau ko za a tsaya.

Ciwon tsauni yakan fara da ciwon kai, 'yan sa'o'i bayan isa sabon masauki, tare da tashin zuciya ko rashin son abinci ko jiri ko kasala. A wannan mataki maganinsa mai sauƙi ne: kada a ƙara hawa har sai ya wuce, in ya ƙi wucewa a sauka. Wanda ya ɓoye ya ci gaba da hawa, abu biyu ke jiransa. Ko dai ruwa ya taru a huhu, ya riƙa haki ko yana zaune, da tari mai fitar da kumfa. Ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya riƙa tangaɗi, maganarsa ta rikice. Jagora zai ce masa ya taka kan miƙaƙƙen layi, dunduniya na taɓa yatsa. In ya kasa, babu jiran wayewar gari, a daren za a sauko da shi. Duka biyun suna kisa cikin ɗan lokaci, kuma babban maganinsu saukowa. A ƙauyen Pheriche akwai ɗakin shan magani na ƙungiyar ceto ta Himalaya, wadda aka kafa a 1973, inda likitoci suke yi wa matafiya bayanin waɗannan alamomi da rana a lokacin da hanya ke cike. Akwai kuma ƙwayar Diamox da likita kan rubuta don taimaka wa jiki ya saba, amma ba lasisin gudu ba ce.

Me ke sa mutum ya ɓoye? Kunya ce, da tsoron a ce rago ne, da tunanin kuɗin da ya kashe, da gudun ya ɓata wa abokai tafiya. Ku lura da wannan: wanda ya faɗi ciwon kansa a Namche ya ci wa ayari kwana ɗaya, wanda ya ɓoye har Lobuche ya sa an ɗauke shi cikin dare da sanyi, ya jefa masu ɗaukarsa cikin haɗari.

Gaskiyar ma tun daga gida take farawa, kuma akwai wadda ta shafe mu fiye da yawancin baƙin da ke zuwa can. Cutar sikila ta yi yawa a cikinmu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayarta. Ƙarancin oksijin shi ne ainihin abin da ke lanƙwasa ƙwayoyin jinin mai sikila su toshe jijiyoyi. Wanda gwajin nan da ake yi kafin aure ya nuna masa SS ko SC, wannan tafiya ba tasa ba ce, kuma babu abin kunya a ciki. Mai AS ma, wanda bai taɓa jin komai ba a gida, saifarsa tana iya samun matsala a irin wannan tudu. Ya ga likita kafin ya sayi tikiti, ya kuma sanar da jagoransa.

Bi ba makanta ba ce

Kada wani ya ɗauka ina cewa ku miƙa wuya ga duk wanda ya ce shi jagora ne. A 2018 wani binciken gwamnatin Nepal ya gano cewa wasu kamfanonin yawon buɗe ido suna haɗa baki da masu jiragen sama masu saukar ungulu da wasu asibitoci: a tsorata baƙo mai ɗan ciwon kai, a ce sai an ɗauke shi a jirgi, a karɓi kuɗi mai yawa daga inshora a raba. Akwai kuma masu yanke kwanakin hutu don farashinsu ya yi araha. Aikin hankalinka, saboda haka, yana gaban tafiya ne: ka zaɓi wanda za ka bi da idon basira, sannan in ka zaɓa ka bi shi da zuciya ɗaya.

Matambayi ba ya ɓata. Ka tambaya ko jagoran yana da lasisin hukuma da horon agajin gaggawa. Ka ƙirga kwanakin da aka rubuta maka, ka ga ko akwai dare biyu a Namche da dare biyu a Dingboche ko Pheriche. Ka tambaya, in mutum ɗaya ya kasa, wa zai sauka da shi, wa zai ci gaba da sauran? Kilo nawa ɗan dako zai ɗauka, yana da inshora, yana da rigar sanyi da takalmi? Ka tabbata inshorarka ta ƙunshi tudun da ya wuce mita 5,000. Ka zaɓi lokaci: Maris zuwa Mayu, ko Oktoba da Nuwamba, domin daga Yuni zuwa Satumba damina ce. In ka ga farashi ya yi ƙasa ƙwarai, to an rage wani abu, kuma galibi ko kwanakin lafiyarka ne ko haƙƙin mai ɗaukar kayanka.

Wanda ya san alamomin ciwon tsauni da kansa ba a cika yaudararsa ba, kuma ya fi sauƙin jagoranta, domin ya san dalilin umarnin da ake ba shi.

Wanda ya ɗauki kayanka

Za ka riƙa tafiya da 'yar jaka a baya, mai ruwa da rigar ruwa. Babbar jakarka tana kan wani, haɗe da ta abokinka, kilo ashirin zuwa talatin, an ɗaure da igiya mai faɗi da ta ratsa goshinsa. Zai tashi bayanka ya riga ka isa. A hanya kuma za ka haɗu da 'yan dakon 'yan kasuwa ɗauke da siminti da katako da tukwanen gas, wasu da kayan da ya fi su nauyi. Duk abin da ka ci ko ka kwanta a kai a can sama, bayan mutum ko na dabba ne ya kai shi, shi ya sa kuɗin ruwan zafi da cajin waya suke ƙaruwa da kowane zango.

Mutane suna kiran duk mai aikin tsauni Sherpa, alhali Sherpa ƙabila ce, waɗanda kakanninsu suka ƙauro daga gabashin Tibet kimanin shekaru 500 da suka wuce, jikinsu ya gaji zaman tudu. Yawancin 'yan dakon da za ka gani Rai ne da Tamang da wasu ƙabilun ƙasa-ƙasa, manoma da suka zo cin rani. Ciwon tsauni yana kama su kamar yadda yake kama ka, ga kaya a ka, ga tsoron in sun yi ƙorafi za a sallame su. Ba a masaukinka suke kwana ba, kuma ba abincinka suke ci ba. Ka san sunan naka. Ka rage kayan da ba ka buƙata tun daga Katmandu. In ya yi rashin lafiya, kada ka yarda a biya shi a ce ya sauka shi kaɗai; haƙƙinsa na magani daidai yake da naka. A ƙarshen tafiya al'ada ce a ba jagora da 'yan dako tukuici. Ka ware shi tun farko, ka miƙa wa kowa nasa hannu da hannu.

Tarihin wurin nan ma a kan bayansu aka gina shi. Ayarin da ya fara kai mutum ƙololuwar Everest a 1953 yana da 'yan dako sama da 300. A ranar 18 ga Afrilu 2014, ƙanƙara ta rufto a saman sansanin ta kashe ma'aikata 'yan Nepal 16 da ke kai kayan baƙi. Edmund Hillary, mutumin Niyu Zilan da ya yi suna da wannan tsauni, ya gane bashin da ke kansa: ya gina makaranta a Khumjung a 1961, da asibiti a Khunde a 1966, filin jirgin Lukla ma don kai kayan irin waɗannan ayyuka aka yi shi. Duk wanda aka ɗauka aka kai wani matsayi, akwai bashi a wuyansa.

Baƙo a garin mutane

Mutanen Khumbu mabiya addinin Buda ne. A hanya za ka ga jerin duwatsu da aka sassaƙa wa rubutun ibadarsu. Al'adarsu a bi ta hagu, a bar duwatsun a hannun dama. Akwai tsaunin Khumbila da ke bisa Khumjung, wanda suke girmamawa, ba a hawansa. Ba wanda zai tilasta maka ibadar da ba taka ba, kuma ba sai ka yi ba. Amma kada ka zauna a kan abin da suke girmamawa, kada ka yi ba'a, kada ka ɗauki hoton mutum ba da izininsa ba. Yadda kake so baƙo ya kiyaye ƙofar masallacinku ko majami'arku, haka za ka kiyaye tasu.

Musulmin cikinku su shirya wa abu uku. Na ɗaya, alƙibla a can yamma take, ba gabas ba. Na biyu, ruwa yakan daskare a cikin gora da dare, saboda haka ku zauna da malaminku kafin tafiya ku san hukuncin ƙasaru da haɗa salla da taimama. Sauƙi ne da addini ya yi wa matafiyi. Kada kuma ku sa tafiyar a watan azumi, domin jiki yana buƙatar lita uku zuwa huɗu na ruwa a rana. Na uku, nama. Mutanen kwarin ba sa yanka dabba a yankinsu, duk naman da ka gani daga ƙasa aka hawo da shi a baya, kwana da kwanaki ba firji. Barinsa ya fi maka ta fuskar addini da ta lafiya. Abincin da jagororin kansu suke ci shi ne dal bhat, shinkafa da romon ƙananan wake da ganye da dankali, kuma akan yi maka ƙari ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Sharar da ka tara kuma ka sauko da ita. Tun 1991 mutanen yankin suka kafa kwamitin da ke fama da dattin baƙi. Suna da damuwar da ta ishe su: ƙanƙarar tsaunukansu tana narkewa, tafkuna suna cika, a Agustan 2024 ambaliya daga irin waɗannan tafkuna ta ratsa ƙauyen Thame ta rushe gidaje da makaranta.

Ranar da aka ce ka juya

Tsakanin Dingboche da Lobuche akwai wani hawa mai wuya da ake kira Thukla. A samansa fili ne cike da tarin duwatsu, kowane tari da sunan wanda tsauni ya ci. Akwai na Babu Chiri Sherpa, wanda ya hau Everest sau goma, ya taɓa yin sa'a 21 a ƙololuwa ba tare da tulun oksijin ba, ya rasu a 2001 da ya faɗa ramin ƙanƙara. In irin waɗannan gwanaye ba su tsira ba, kai da ka zo yawon mako biyu ba ka da hujjar yin caca da ranka.

Gwaji mafi tsanani na mai bi yana zuwa ne a irin wannan wuri. Saura kwana ɗaya ka kai, ka tara kuɗin nan shekara da shekaru, ka gaya wa kowa a gida, abokai suna jiran hoto a Facebook, sai jagora ya dube ka ya ce gobe ƙasa za ka yi. Zuciya za ta ce maka ai saura ƙiris. Ka sani cewa sansanin da kake mutuwar gani tarin tsakuwa ne a kan ƙanƙara, ko ƙololuwar Everest ba a hangowa daga cikinsa, sai an hau wani tudu mai suna Kala Patthar. Ka sani kuma cewa ƙarancin oksijin yana taɓa hankali kafin mai shi ya farga, don haka a wannan lokaci hukuncin wanda yake kallonka ya fi naka inganci. Dalilin ɗaukar jagora ke nan tun farko. In za ka bi shi ne kawai a inda ra'ayinku ya zo ɗaya, to ba jagora ka ɗauka ba, ɗan rakiya ka ɗauka.

Ku ɗauki misalin Tenzing Norgay. A 1935 ya fara zuwa Everest a matsayin ɗan dako. A 1952 shi da Raymond Lambert, mutumin Suwizalan, suka kai kusan mita 8,600, inda babu wanda aka tabbatar ya taɓa kaiwa, saura kimanin mita 250. Ƙarfinsu ya ƙare, yanayi ya ɓaci, suka juya. Da sun nace, da wataƙila sunansa yana cikin tarin duwatsun nan. Shekara ɗaya bayan haka, ranar 29 ga Mayu 1953, shi da Hillary suka taka ƙololuwa. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ku lura kuma da tsawon hanyar: shekara goma sha takwas tsakanin ɗaukar kayan wasu da tsayawa a inda ba wanda ya taɓa tsayawa. A cikin bi ya koyi duk abin da ya sa daga baya aka bi shi.

Abin da ya rage gare ku

Na san yawancinku ba za su je Nepal ba. Tafiya ce mai cin kuɗi, kuma akwai buƙatun da suka fi ta. Amma babu ɗayanku da ba zai shiga ƙarƙashin wani ba: malami a makaranta, maigida a kasuwa ko gareji, likita, babbar ma'aikaciya a ofis. Ladubban dai su ne waɗannan. Ka bincika kafin ka miƙa kanka, domin ba kowane mai cewa “biyo ni” ne ya san hanya ba. In ka samu na ƙwarai, ka yarda da takunsa ko da ya yi maka jinkiri. Ka faɗa masa inda ka gaza tun abin yana ƙarami. Ka san haƙƙin na ƙasa da kai waɗanda guminsu ya sauƙaƙa maka tafiya. In ya ce ka dakata, ka dakata, ka sake shiri.

Masu sha'awar tsauni kuwa su fara da na kusa. Ga Dala da Kufena, ga duwatsun Shere a gefen Jos, ga Mambila. Ku tambayi halin tsaro kafin ku tashi, ku haɗu ku da yawa, ku ɗauki ɗan gari ya shige muku gaba, ku biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, ku sa mafi rauninku kusa da shi don takunsa ya zama takun kowa. Ku sanar da iyaye inda za ku da lokacin dawowa. Allah Ya haɗa ku da jagorori na gari, Ya ba ku haƙurin bin su, Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.